Shekarar Na'ura Ɗaya da Aikin Malama Hajo

Ku da kuke zama a ƙofar gidana da la'asar, kowa da waya a hannu, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan da aka ce masa na yi shekaru ina koyar da kwamfuta. Cewa ya yi, "Mi ad da wuya ga kwamfuta, Baba? Ai dannawa kawai a kai." Ban tanka masa ba a lokacin, don an riga an kira salla. Yau ina da sarari, sai ku gyara zama.

Ni ba dannawa na koyar ba. Darasin uwar manhaja na koyar, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ita kanta. Ita ke cewa wannan aiki ya shiga, wancan ya jira. Ita ke raba wurin ajiya, ita ta san inda kowane fayil yake kwance a kan faifai. Tana cikin wayoyin nan naku, ganinta ne kawai ba ku yi. Na koyar da ita a wata babbar makarantar fasaha a Birnin Kebbi tun muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu jihar ba. A lokacin in na zo gida Argungu na ce ina aiki da kwamfuta, sai dattawa su tambaye ni ko wani sabon injin ban-ruwa ne aka kawo.

Aikin farko da maigidana Malam Sanda ya ba ni, ko kusa da na'ura ban je ba. Shi ne shugaban sashenmu, ɗan gidan malamai ne na Birnin Kebbi, ya sauke Alƙur'ani ya yi littattafai a zauren mahaifinsa kafin ya fita waje karatun lissafi. Mutum ne gajere, marar yawan magana, kullum da jan biro a aljihun gaba. An ɗauke ni mataimakinsa bayan na gama difloma, na zo ran farko da sabuwar riga ina tsammanin za a zaunar da ni gaban allon kwamfuta. Sai ya miƙo mini shiri, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, shafi huɗu da aka buga a takarda, da fensir, da babbar takarda mai gidaje-gidaje.

Ya ce, "Bawa, yau kai na na'ura. Bi shi layi-layi, ka rubuta min abin da ka cikin kowane gida bayan kowane layi."

Kwana uku na yi a kai. Da na kai masa, ya duba bai fi minti biyar ba, ya turo mini abina. "Akwai kuskure guda."

"A ina, Malam?"

"Na'ura ba ta hwaɗa ma inda kay yi shi. Nemo."

Sai da na ƙara kwana biyu kafin na gano na tsallake layi ɗaya a shafi na uku. Haka muka yi wata huɗu cur, ni da fensir, kafin ya yarda in kunna na'ura da hannuna. Daga baya na san amfanin abin. Har na bar aiki, in shiri ya ƙi tafiya, nakan rufe ido in bi shi a kaina in kamo inda ya karye, wasu kuwa suna ta bugun madannai suna jiran sa'a.

Na'urorinmu uku ne. Kowace da allo mai koren rubutu da baki biyu na zura faifai, ba ta da wurin ajiya na dindindin a cikinta. In ka kashe ta ta manta komai, har ranar da ake ciki. Faifan kuwa falle ne mai laushi cikin baƙar riga mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya ɗan wuce tafin hannu. In ka taɓa tsagar da ke jikinsa da yatsa mai maiƙo, ka kashe shi. Akwai firinta ɗaya mai ƙara kamar injin markaɗe, akwai na'urar daidaita wuta, akwai janareta a bayan ɗaki, akwai na'urar sanyaya ɗaki wadda baƙi ke zaton don jin daɗinmu aka sa, alhali don na'urorin ne. Kayan aikina na kaina cikin gwangwanin biskit suke: sukuddireba manya da ƙanana, mitar gwada wuta, burushi mai laushi, auduga da ɗan kwalban sifirit na goge bakin da ke karanta faifai. Duk ran Asabar da safe sai na buɗe na'urorin nan ɗaya bayan ɗaya na duba su.

A shekarata ta uku, bayan an tura ni ƙarin karatu na dawo, Malam Sanda ya sakar mini darasin. Abin da ya fara sa ni shi ne rubuta takardar sharuɗɗa. Ya ce malamin da bai faɗa wa ɗalibai tun ran farko abin da yake so daga gare su ba, ba shi da bakin kama su da laifi daga baya. Na yi mako guda ina rubutawa yana sokewa da jan biron nan, har ta koma shafi ɗaya. Na buga ta a tafireta, aka gurza kwafi-kwafi. Ran farko na kowane zango nakan tsaya in karanta ta da ƙarfi daga sama har ƙasa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.

Har yau ina iya karanto ta da ka. Ba ka zama gaban na'ura sai ka nuna mini aikinka a rubuce cikin littafi, ka bi shi da fensir ka tabbatar zai tafi. Kowa da lokacinsa a littafin layi da ke bakin ƙofa, in ka makara da minti goma lokacinka ya wuce. Kowa da faifansa mai sunansa, kuma a kabad ɗin ɗakin yake kwana, ba a fita da shi. Aikin mako yana shigowa ran Juma'a kafin ƙarfe sha biyu, don daga nan kowa masallaci ya nufa, ba wanda zai ce ya zo bai same ni ba. Wanda ya ƙi zuwa lakca sau uku ba dalili ba ya zama jarrabawa, amma ciwo da rasuwa da haihuwa duk uzuri ne, muddin an sanar da ni. Ku tattauna da juna yadda kuke so, ku yi gardama a gindin bishiya, amma in aikin mutum biyu ya zo iri ɗaya, da mai bayarwa da mai kwafa duka sifili.

Sharaɗin da ya fi ba su haushi ƙarami ne. In an kunna na'ura takan tambayi kwanan wata da lokaci, kuma in ka danna maɓallin shiga sau biyu sai ta wuce ba tare da ka rubuta komai ba. Na ce ba a yarda ba, dole a dubi agogon bango a rubuta daidai. Sukan ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa nakan tsaya a bayan mutum har sai ya rubuta.

Ban bar kaina a waje ba. A ƙasan takardar na rubuta abin da suke bina: zan dawo musu da aikinsu a duba cikin mako ɗaya, ƙofata a buɗe take ran Talata bayan azahar ga duk mai tambaya, in kuma ni na makara lakca da minti goma, su ma suna da izinin tashi. Sau ɗaya suka taɓa tashi, ran da tayar babur ɗina ta fashe a hanyar dawowa daga Argungu. Na iso aji wayam, sun rubuta mini lokacin a allo da alli, da manyan baƙaƙe. Ban ga laifinsu ba, don sun yi daidai.

Ɗalibaina kala-kala ne. Akwai samari da 'yan mata da suka fito daga sakandare, akwai ma'aikata da ofisoshinsu suka turo daga Sakkwato da Yawuri da Zuru. Na taɓa samun wani dattijon akawu da ya girme ni nesa, wanda sai ya yi bisimilla kafin kowane maɓalli, kuma da yatsa ɗaya yake bugawa, amma aikinsa a littafi ba ka samun kuskure. Ran da zan koya musu yadda uwar manhaja ke raba lokaci tsakanin ayyuka, injin casar shinkafa na unguwarmu nake kawo musu. Ga mai buhu goma ya riga kowa zuwa, ga tsohuwa da mudu biyu a bayansa. Wa za a fara yi wa? In aka bi layi, tsohuwa ta wuni. In aka ce ƙananan ayyuka su fara, to ran kasuwa mai buhu goma ba zai taɓa samun shiga ba. Sai aji ya kaure da musu, 'yan Gulma da 'yan Ambursa kowa na faɗin yadda ake yi a garinsu. Daga musun nan nake fito musu da dabarar zagaye: kowa a ɗan yi masa kaɗan, ya koma bayan layi, har a gama da kowa.

Shekarar wahala ta zo da damina mai ruwa. Fadamar Rima ta cika ta batse, danshi ya kama ko'ina, tufafi a akwati ma sai ka ji suna wari. Na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu tun farkon ruwa, kayan gyaranta kuwa daga waje ake kawowa, a lokacin duk abin da ya fito daga waje ya gagari mutane. Wata rana da azahar hadari ya taso, aka yi tsawa guda, wuta ta yi sama, na'urar daidaita wuta ta yi hayaƙi ta tafi da kwamfuta biyu. Ta ukun ta tsira ne kawai don na cire ta daga bango ina goge mata baki. Mako biyu bayan nan na buɗe kabad na ɗaga faifai ɗaya ga hasken taga, sai na ga fari-fari a tsagar. Fumfuna ce. Na baje su duka a kan tebur na bi su ɗaya-ɗaya, fiye da rabi sun tafi.

Na shiga mota na je Sakkwato, na zagaye duk shagon da aka kwatanta mini, na dawo da 'yan kaɗan. Hukumar makaranta ta ce a ɗage darasin sai baɗi. Ni da Malam Sanda muka ce a'a, don darasin dole ne, in aka ɗage shi aji guda ba zai fita ba. Muka sake tsara littafin layi: na'ura ɗaya, ɗalibai talatin da 'yan kai, kowa rabin awa, daga bakwai na safe har gab da magariba, har da Asabar. Faifai kuwa bai isa ba. Sai na haɗa mutum biyu-biyu a faifai ɗaya bisa jerin lambobinsu. Da hannuna na karya sharaɗin da na rubuta, ban kuma tsaya na yi tunanin abin da zai biyo baya ba.

Cikin ajin akwai Malama Hajo. Malamar firamare ce a Ambursa, mai 'ya'ya uku, an ba ta hutun karatu na shekara biyu ba ƙari. Mijinta manomin shinkafa ne, shi ke kawo ta a babur kullum da safe kafin ya wuce fadama, in hanya ta yi taɓo ta iso da laka har gefen zane. Littafinta ya fi na kowa tsabta. Lambarta ta haɗa ta faifai ɗaya da Lawali, wani saurayi ɗan unguwar Nasarawa a cikin Birnin Kebbi, mahaifinsa Alhaji Garba babban ɗan kasuwar albasa ne mai motoci suna kai kaya Kudu. Lawali ba daƙiƙi ba ne, yana da kai kuma yana da baki, sai dai ba ya son zama da fensir.

Aikin da na ba su shi ne su rubuta shirin da zai raba lokaci tsakanin ayyuka biyar da dabarar zagaye. Shi ne aiki mafi nauyi a zangon, wanda ya rasa shi da wuya ya haye. Ran Juma'a da safe Malama Hajo ta zo buga nata a firinta. Ta zura faifai, ta nemi jerin fayiloli, ta tsaya tana kallon allo. Sai ta taso ta zo teburina.

"Malam, aikina ya ɓace."

Na ce, "Aiki ba ya ɓacewa, Malama. Sai dai in ba ki adana shi ba."

"Wallahi na adana shi ranat Talata. Sau biyu nid duba kahin in tashi."

Na sha jin wannan magana daga bakin ɗalibai, kusan kullum kuwa mantuwa ce. Na ce ta ba ni littafinta in duba, in ga abin da za a iya yi. Sha biyu na bugawa na tattara faya-fayan duka na kulle a kabad, na kai wa Malam Sanda makulli kamar yadda muka saba duk ran da aka karɓi babban aiki.

Ran Asabar ina duba ayyuka sai na ga na Lawali, an buga shi tsaf a firinta da sunansa a sama. Na karanta rabi na ji kamar na taɓa ganinsa. Na jawo littafin Malama Hajo na ajiye gefe da gefe. Layi-layi iri ɗaya ne. Sunayen da aka raɗa wa gidajen ajiya ɗaya ne, buhu da mudu da layi. Har wani layi da ba ya aikin komai, wanda mai rubutu ya manta bai cire ba, yana nan a duka biyun.

Ran Litinin na kira su ofis. Lawali ya riga ta magana. "Malam, faifanmu guda na. Buɗe nawa tay yi tak kwahe cikin littahinta. Ni ban ce a hukunta ta ba, mace ta mai iyali."

Malama Hajo ta dube shi, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ka tambaye mu. Kowa shi bayyana abin da yar rubuta."

Na tambaye su, ɗaya na ciki ɗaya na waje. Ta bayyana daidai. Shi ma ya bayyana daidai, don ya zauna ya haddace shi tun daga farko har ƙarshe, har da dalilin kowane layi. Na sallame su ba ni da abin riƙewa. Bisa takardar sharuɗɗa kuwa ita ce a ƙasa ta fuska biyu: aikinta bai shigo a faifai kafin sha biyu ba, kuma ya zo iri ɗaya da na wani. In ta faɗi darasin, hutun karatunta ya ƙare, ta koma Ambursa ba takardar shaida, da sunan wadda aka kama da satar aiki.

Na kai maganar ga Malam Sanda. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mi takarda tac ce?"

"Duka biyu sifili."

"Wa yar rubuta ta?"

"Ni, Malam."

"To. In kana da hujja, kawo. In babu, bi abin da kar rubuta. Amma kak ka ba kowa maki don tausai, in kay yi haka sau guda takardar ta mutu. Ranar Alhamis za ni kai sakamako ga kwamitin makaranta."

Hujjar tana cikin darasin da nake koyarwa, sai dai ban tuna ba sai da na zauna shirya lakcar mako mai zuwa. In ka ce wa na'ura ta goge fayil, ba ta bi ta share rubutun. Aiki ne mai yawa, ita kuwa ba ta son wahala. Tana da wani jeri a farkon faifai mai ɗauke da sunan kowane fayil, da girmansa, da ranar da lokacin da aka adana shi. Harafin farko na sunan kawai take sokewa, ta ce wurin ya zama fili. Muddin ba a sake rubuta wani abu a kai ba, komai na nan kwance. Lawali kuwa shi ne na ƙarshe a layi ran Alhamis da yamma, Malama Hajo ba ta adana komai ran Juma'a ba, faifan kuma yana kulle tun daga nan.

Ban taɓa shi ni kaɗai ba, kada a ce na sa hannu. Ran Laraba da safe na roƙi Malam Sanda ya zo da makulli, na kira su biyun. A gabansu aka buɗe kabad. Na liƙa 'yar takarda a kan tsagar gefen faifan, wadda in an rufe ta na'ura ba ta iya rubuta komai a kansa, karantawa kawai. Ni kaina ban san abin da zan gani ba. Na kunna wata ƙaramar manhaja da muke leƙa cikin faifai da ita, na buɗe jerin. Ga sunan fayil ɗin Lawali, ran Alhamis, biyar da minti arba'in na yamma. A samansa ga wani suna da wata baƙuwar alama a madadin harafin farko, sauran haruffan kuwa A, J, O. Ran Talata, goma da minti ashirin na safe.

Malam Sanda ya ce a kawo littafin layi. Talata, goma zuwa goma da rabi, sa hannun Malama Hajo. Ya juya baya zuwa makon da ya wuce, ga gurbin Lawali na ja masa jan layi, bai zo ba. Tun da aka ba da aikin bai taɓa na'ura ba sai ran Alhamis ɗin nan. Na bi inda jerin ya nuna, na fito da rubutun a kan allo. Shirin ya bayyana gaba ɗayansa, a layin farko an rubuta sunanta da lambarta.

Lawali ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Na ɗauka in anka goge abu ya tahi ke nan."

Na ce masa, "Shi ne darasin mako mai zuwa."

Malama Hajo ta juyo gare ni. Abin da ta roƙa ɗaya ne. "Malam, a buga min shi ga takarda. Ina son in kai ma maigidana shi gani." Na buga mata, firinta na ta ƙara, ta tsaya tana jira har shafin ƙarshe ya fito. Na tambayi Malam Sanda batun sharaɗin sha biyu. Ya ce, "Aikin na bisa faifai tun Talata. Mu na ba mu gan shi ba. Ba ta makinta."

Na Lawali ya wuce sifili, don kwamiti na iya korarsa daga makaranta. A lokacin ni ma a Nasarawa nake haya, masallacinmu ɗaya da mahaifinsa. Washegari bayan la'asar Alhaji Garba ya yi sallama a ƙofata da dattawa biyu, an sauke buhun albasa a zaure. Muka gaisa, aka ɗan taɓa hirar ruwa da farashin kaya, sannan ya shigo magana.

"Malam, ɗiyana na. Yara sun yi aiki tare, sai a ce za a kore shi? Ina za ni sa kaina cikin unguwag ga?"

Na ce, "Alhaji, ba aiki tare suka yi ba. Ka ɗauka ka kai buhunka tasha da alamarka a jiki. Wani ya juye albasar cikin nasa buhu, ya ɓoye naka, sannan da ka zo nema ya ce wa mutane kai ne kake son sace nasa. Abin da ya faru ke nan."

Alhaji ya dubi dattawan, ya dube ni. Sai ya ce, "Matar nan, tana da ɗiya?"

"Uku. Daga Ambursa mijinta ke kawo ta kullum."

"Ba haka yah hwaɗa min ba." Ya miƙe, ya sa aka mayar da buhun albasar mota ba tare da na ce komai ba. Ran Asabar ya sa Lawali a gaba har Ambursa, ya tsayar da shi gaban Malama Hajo da mijinta ya nemi gafara. Mijin ne ya ba ni labari ran Litinin da ya kawo ta, yana kan babur bai ko kashe injin ba.

A gaban kwamiti ni na roƙa kada a kore shi, a bar shi ya maimaita shekara. Na ce laifinsa babba ne, amma ni na ajiye aikin wata a hannunsa, alhali takardata ta ce kowa da faifansa. Na rubuta haka na sa hannu. Suka amince ya maimaita, ni kuma suka ba ni takardar gargaɗi. Ita kaɗai ce na taɓa samu a duk shekarun aikina, kuma na karɓe ta da hannu biyu, don na cancance ta.

Kafin zango na gaba na sake buga takardar sharuɗɗa. Na gyara layin nan ya koma wanda ya ba da aikinsa da saninsa shi ke raba sifili da mai kwafa. Na ƙara cewa ba a hukunta kowa sai an saurare shi an kuma bincika faifai a gabansa. Malam Sanda ya karanta, ya zaro jan biro, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu bai soke komai ba. Malama Hajo ta fita da sakamako mai kyau. Da aka yanke mana jiha aka fara sa kwamfuta a ofisoshin ilimi, ita aka ɗauko ta koya wa ma'aikata, kuma na ji an ce ba ta barin kowa ya zauna sai ya nuna mata littafinsa.

Lawali ya dawo ajina shekarar da ta biyo, lokacin an samu an gyara na'ura ɗaya, sun zama biyu. Abokansa sun fita, ya zauna cikin ƙannensa, kowa ya san dalili. Wata biyu na farko ba ya ɗaga kai. Da aikin raba lokaci ya sake zagayowa, sau uku yana kawo mini littafinsa ina mayar da shi, ina ce masa akwai kuskure, ya nemo. A na huɗu na bar shi ya zauna. Shirin da ya rubuta dogo ne, ya yi ta kewaye-kewaye, abin da wani zai yi a layi goma shi sai ya yi a ashirin. Amma ya tafi. Ayyukan nan biyar kowanne ya samu rabonsa ya koma bayan layi, har aka gama da su. Na ba shi hamsin da huɗu.

Ran da na raba takardu ya jira kowa ya fita, ya zo ya tsaya gaban teburina yana duban makin.

"Malam, ba a ƙara ko biyu?"

"Ba a ƙarawa."

Ya yi dariya, ya ninke takardar gida huɗu a hankali, ya sa a aljihun gaba ya dafe da hannu.

"To, ba komi, Malam. Wanga dai nawa na."